Yadda Ake Shirya Kwale-kwale Domin Kamun Kifi

Darasinmu na wannan mako a allon ƙungiyar 'yan jarida ya shafi ruwa, tunda damina ta kankama kuma gulabe sun kawo. Gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura Namoda da Gulbin Bunsuru na wajen Zurmi, waɗanda da rani yashi ne zalla sai ɗan ruwan da ya kwanta a gurabu, yanzu sun cika sun batse. Can arewa suke haɗuwa, ruwansu ya zama Gulbin Rima, wanda aka tare da madatsa a Goronyo ta Jihar Sakkwato. A irin wannan lokaci ne ake jawo jiragen da suka kwana biyu a kife, wasu don fito, wasu don su.

Mu a nan Sakajiki da kewaye, yawancin sun da muka saba gani na homa ne da gora da ƙugiya, domin ruwanmu ba ya shekara. Manyan masunta masu kwale-kwale sun fi yawa inda ruwa yake zaune rani da damina, kamar madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, ko Goronyo, ko Yawuri a bakin Kwara. Amma ko ƙaramin jirgi ne a Gagare, dokar shirya shi ɗaya ce da ta babba. Abin da muke so mu nuna shi ne, kowane abu da aka sa a cikin jirgi yana da nauyi kuma yana da mazauni, sannan kayan tsira da rai su ake fara sawa kafin kayan kama kifi.

Jirgin kansa

Kwale-kwale iri biyu ne. Akwai wanda ake sassaƙawa daga gungume guda, a rarake cikinsa. Akwai kuma wanda kafinta yake haɗawa da katako da ƙusa, wanda ya fi yawa yanzu saboda manyan itatuwa sun yi ƙaranci. Itacen da aka fi yabo shi ne maɗaci, don yana jure ruwa.

Kada wani ya ɗauka wannan fasaha baƙuwa ce. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8. Bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka gano a Afirka. Wato tun kafin a gina dalar Masar, mutanen wannan yanki namu sun iya sassaƙa jirgi.

Kafin a sa komai a ciki, ana duba jikin jirgin. Katakon da ya sha ranar bazara yana bushewa ya tsuke, sai tsaga ta buɗe tsakanin allo da allo. Shi ya sa ake jiƙa jirgi a bakin ruwa kwana ɗaya ko biyu, katakon ya kumbura ya matse. Inda ya ƙi matsewa sai a cusa auduga ko tsumma da bakin wuƙa, a narka kwalta a shafe. Ƙusar da ta ɗago kai a dake ta, domin ita ce take yaga raga, ita ce kuma take yanke ƙafa.

Lissafin nauyi

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne darasin kimiyya da na lissafi suka haɗu. Me ya sa dutse ɗan ƙarami yake nutsewa, amma jirgin da sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi yake yawo a saman ruwa? Wani masani ɗan ƙasar Girka mai suna Arkimidis, wanda ya rayu fiye da shekara 2,200 da suka wuce, shi ya bayyana dalili. Duk abin da aka sa a ruwa yana ture wani ruwan gefe don ya samu wuri, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Jirgi yana da faɗi kuma cikinsa fanko ne, don haka yana ture ruwa mai yawa kafin bakinsa ya kai ga ruwa.

Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Ku riƙe wannan, da shi za mu yi aiki.

Mu ɗauki misali. Alƙaluman namu ne muka zaɓa don lissafi ya yi sauƙi. A ce faɗin filin da jirgi ya mamaye a saman ruwa murabba'in mita 2 ne, zurfinsa kuma daga ƙasa zuwa baki santimita 35. Idan irin wannan jirgi ya nutsa santimita 1, ya ture lita 20 ke nan. Ma'ana duk kilo 20 da aka ƙara masa, zai ƙara nutsewa santimita 1.

To mu fara lodi. Jirgin da kansa kilo 200, ya ci santimita 10. Masunta biyu kilo 120, santimita 6. Jiƙaƙƙiyar raga da dalmarta kilo 40, santimita 2. Dutsen tsayar da jirgi da sauran tarkace kilo 20, santimita 1. Allah ya ba da sa'a aka kama kifi kilo 60, santimita 3. Jimla santimita 22, saura 13 tsakanin ruwa da bakin jirgi. Har yanzu da sauƙi.

Amma akwai wani fasinja da ba wanda ya gayyace shi, wato ruwan da yake shiga. Wani ta tsaga yake tsattsafowa, wani daga raga yake ɗiga duk lokacin da aka jawo ta, wani kuma ruwan sama ne. Idan ruwa ya taru a cikin wannan jirgi har zurfin santimita 5 kacal, wanda bai ma rufe idon sawu ba, lita 100 ke nan, kilo 100, nauyin buhun masara babba. Saura santimita 8 a baki. Ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta haura wannan. Abin da ya fi muni, buhu yana zama inda aka ajiye shi, shi kuwa ruwa duk gefen da jirgi ya karkata can yake kwarara, ya ƙara danne wannan gefen. Saboda haka a ganinmu, a duk kayan jirgi babu wanda ya kai abin kwalfe ruwa daraja, ko da yake shi ne mafi arha. Ƙwarya ce ko jarka da aka yanke wa gindi aka bar mariƙinta. A ɗaure ta da igiya a jikin jirgi, don ranar da ake nemanta da gaggawa ita ce ranar da za ta bi ruwa.

Bayan yawan nauyi, sai inda aka ɗora shi. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a tsakiya, ba a kan allon zama ba. Duk wanda ya taɓa ganin mota an yi mata lodi har sama tana tangaɗi a hanyar Shinkafi ranar Alhamis ya san abin da muke nufi. Jirgi ma haka ne, nauyi yana yin sama yana ƙara sauƙin kifewa. A raba kaya dama da hagu daidai. Goshin jirgi kuma ya ɗan fi bayansa sauƙi, don ya riƙa hawa kan igiyar ruwa maimakon ya soke ta.

Kayan tuƙi da na tsira

Filafili shi ne abin tuƙi a ruwa mai zurfi. Inda ƙafa za ta iya taɓa ƙasa ko kusa da haka, doguwar sanda ta gwangwala ta fi aiki, ana dogara ta a ƙasa ana tura jirgi. Ita ce kuma ma'aunin zurfi, ita ake miƙa wa wanda ya faɗa ruwa. Mai hankali yana tafiya da filafili biyu, na biyun a soke a gefe.

Don tsayar da jirgi wuri ɗaya, dutse ake ɗaurewa da igiya mai ƙarfi. A kula da abu biyu. Na farko, igiyar ta fi zurfin ruwan tsawo sosai, kamar ninki uku, don dutsen ya kwanta ya kama ƙasa. Na biyu, a goshin jirgi ake ɗaure ta, ba a gefe ba. Idan aka ɗaure a gefe a ruwa mai gudu irin na Gagare bayan an yi ruwan sama, jirgin zai gicciye, ruwa ya bugi cikinsa, igiyar ta ja bakinsa ƙasa. Ɗaurin kuma ya zama zarge wanda ja ɗaya zai kwance, saboda gulbi yana kawo kututture da rassan itace, wani lokaci sai an saki igiya nan take.

Sai abin da zai riƙe mutum a saman ruwa. Mafi kyau ita ce rigar ruwa mai soso a ciki, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, take cewa duk wanda zai shiga jirgi ya sa. A jiki ake sa ta a ɗaure igiyoyinta, ba a zauna a kanta kamar matashi ba. Mun san ba kowane masunci yake da kuɗinta ba. Kakanninmu gora suka dogara da shi, babban duma mai ɗan baki, wanda masunci yake kifa ciki a kai yana iyo, yana kuma zuba kifin da ya kama a ciki. Har yau da shi da homa ake shiga ruwan Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ake ƙirga farkonsa daga 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. Jarka mai lita 25 da babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tamau, ita ma tana iya ɗaukar nauyin kusan kilo 25 a ruwa, kuma wannan ya isa ya riƙe kan mutum a sama, tunda ruwa ya riga ya ɗauke yawancin nauyin jikinsa. Sai dai gora da jarka sai mutum yana cikin hayyacinsa yake iya riƙe su. Rigar ruwa kuwa tana jikinsa ko hannunsa ya gaji.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. A watan Satumba na 2024 jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife a kusa da Gummi, a nan jiharmu, mutane da yawa suka rasu. Allah ya jiƙansu. Irin wannan labari kusan duk damina sai an ji shi a rediyo daga wani wuri, kuma sau da yawa abin da ake ambata shi ne lodi fiye da ƙima da rashin rigar ruwa.

Ƙananan kaya da suka rage: wuƙa mai kube a ɗaure a ƙugu, tocila, usur don kiran taimako, ruwan sha, malafa, da waya a cikin robar da take da murfi. Game da tocila, a da masunta da yawa da dare ko da asuba suke aiki. Yanzu da halin rashin tsaro da yankinmu yake ciki, iyaye sun fi so kowa ya dawo gida da sauran rana, kuma gara a faɗa wa mutanen gida inda za a da lokacin dawowa.

Kayan su da mazauninsu

Sai yanzu muka zo kan abin da yake kama kifin. Ba a ɗiban duka a tafi da su rana ɗaya. Masunci yana zaɓar abin da zai yi a ranar, ya bar sauran a gida.

Birgi raga ce mai da'ira, da dalma jere a bakinta, da igiya a tsakiya. Ana wurga ta ta buɗe a sama kamar laima, ta faɗa ta rufe kifi. Mai jifa a goshin jirgi yake tsayawa, mai tuƙi yana zaune a baya yana daidaita jirgin. Don haka goshin jirgin mai birgi dole ya zama fili, babu ƙusa, babu igiya a ƙasa, babu kwano. Hatsarin birgi yana wurin igiyar da ake zargawa a wuyan hannu. Idan ragar ta sarƙe da kututture a ƙasa, jirgi kuma yana tafiya, tana iya fizge mutum. Amfanin wuƙar ƙugu ke nan.

Kalli doguwar raga ce da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa kamar danga. A igiyar sama ana ɗaura abubuwa masu yawo a ruwa, yawanci guntayen soso ko na tsohon silifa, a ta ƙasa kuma dalma ko ƙananan duwatsu. Kifi yana zuwa ya cusa kai ya maƙale. A cikin jirgi ana tara ta a tsakiya a kan buhu, sama gefe ɗaya, ƙasa gefe ɗaya, yadda za ta fita salin alin ba tare da ta cukurkuɗe ba. A tuna, ragar da aka fita da ita busasshiya, jiƙaƙƙiya za a dawo da ita, nauyinta ya ƙaru.

Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi masu yawan gaske jere a jikinta. A duk kayan su, shi ne ba ya yafe ganganci. Ba a zuba shi a ƙasan jirgi inda ake taka ƙafa. Ana nannaɗe igiyar a cikin ƙwarya ko kwando, a soka kowace ƙugiya a baki bi da bi, ko a jera su a tsagaggen kara. Wanda ya yi haka zai saki mamarinsa cikin 'yan mintoci. Wanda bai yi ba zai wuni yana warwara, wataƙila ma ya ƙare a asibiti ana ciro masa ƙugiya daga yatsa.

Gura tarko ne da ake yi da sanduna da raga, a sa dusa a ciki. Ba shi da nauyi amma yana cin wuri, iska kuma tana kama shi, don haka a jera su a kwance a ɗaure.

Kifin da aka kama shi ma yana buƙatar wuri. A ware masa daro ko kwando a tsakiyar jirgi, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu saboda rana. Tarwaɗa tana daɗewa da rai in akwai danshi, kuma mai rai ta fi tsada a kasuwa. Karfasa ba ta da wannan juriyar, gara a hanzarta da ita. Ƙurungu kuwa yana da ƙaya uku masu kaifi, ɗaya a baya biyu a gefe, kuma in ya miƙe su ba sa lanƙwasuwa da sauƙi, shi ya sa ba a barinsa yana birgima a inda ƙafa take. Minjirya ma a yi hattara da ita, tana jan mutum kamar wutar lantarki, firgitar da mutum zai yi a tsaye ta isa ta karkata jirgi.

Akwai abu biyu da muke ganin bai kamata su shiga jirgi ba sam. Ɗaya shi ne gidan sauro. An raba shi ne don kare mu daga zazzaɓin cizon sauro, amma wasu suna mai da shi raga. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, yana kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba, ga shi kuma da damina kifi yake hayayyafa. Masunta suna auna idon raga da yatsu, su ce mai yatsa biyu ko mai yatsa uku, kuma mai faɗin ido ita take barin ƙanana su wuce su girma. Na biyu shi ne maganin ƙwari da wasu suke zubawa a gurbi don kifi ya taso. Wannan ruwan shi dabbobi suke sha, shi ake wanka da shi, kifin kuma cikin mutane zai shiga. A al'adar Sarkawa, Sarkin Ruwa ne yake faɗin lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a bar shi ya huta, kuma ba a banza aka yi haka ba.

Yadda wasu ƙasashe suke yi

Can ƙarshen arewacin duniya, a Girinlan da Kanada da Alaska inda ƙanƙara take rufe teku, mutanen Inuwit sun ƙirƙiro wani siririn jirgi na mutum ɗaya da ake kira kayak. Da itace ko ƙashi suke yin gangar jikinsa, su lulluɓe da fatar wata dabbar teku, su bar rami ɗaya inda mutum zai zauna. Filafilinsa baki biyu ne, ana tsoma dama a tsoma hagu. Mashinsu na farauta a saman jirgin suke soke shi ƙarƙashin igiyoyin fata, daidai inda hannu zai kai.

Yau a Amurka da Turai ana yin kayak da roba, masu kamun kifi don nishaɗi suna ƙawata shi da kaya iri-iri. Akwai bututun da ake soka sandar ƙugiya a ciki don hannu ya huta, akwai akwati a bayan kujera, akwai ma na'ura mai batir da take aika sauti cikin ruwa, in ya bugi ƙasa ko kifi ya dawo sai ta nuna zurfi a ɗan allo. Abin sha'awa ne, ba mu musa ba. Amma da muka duba da kyau, sai muka ga dabarun da suke bi su ne dai na masuntanmu: nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, filafili a ɗaure da igiya, wuƙa kusa da hannu, rigar ruwa a jiki. Aikin da na'urar take yi na auna zurfi, sandar gwangwala tana yin rabinsa ba tare da batir ba. Abu ɗaya da muke ganin ya dace a kwaikwaya shi ne bututun nan. Guntun bututun famfo na roba in aka ɗaure shi a gefen jirgi zai riƙe sandar ƙugiya, kuma ba ya da nauyin da zai dami kowa.

Gargaɗi ga 'yan ajinmu: wannan darasi don sani ne, ba izini ba ne. Kada wani ya kwance jirgin mutane a bakin gulbi ya ce zai gwada lissafinmu. Wanda yake son koyon su ya bi babba wanda ya san ruwan, da yardar iyayensa, kuma ya fara koyon iyo tukuna a inda ba zurfi.

Tambayar mako

Ku koma kan jirginmu na misali, mai zurfin santimita 35, wanda kilo 20 yake nutsar da shi santimita 1. Jirgin kilo 200 ne. An sa masa mutum uku, kowanne kilo 60, da buhun gero biyu, kowanne kilo 100. Santimita nawa suka rage a baki? Lita nawa na ruwa za su shiga kafin bakin jirgin ya yi daidai da ruwan gulbi? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a allo na mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.